Hancin Matan Yerwa: Haɗa Humra da Sanin Zaɓenta

A taron biki a Kano ko Kaduna ko Abuja, akwai wani ƙamshi da idan ya ratsa wuri sai ka ga mata sun ɗaga kai suna neman inda ya fito. Ba shi da kaifin turaren kanti, ba ya dukan hanci, amma mai shi za ta tashi ta bar shi a kujerar da ta zauna da kafaɗar wadda ta runguma. Tambayar da ke biyo baya kusan ɗaya ce kullum: 'yar Maiduguri ce, ko daga Maiduguri aka kawo mata? An daɗe da sallama wa matan Barno wannan fage. Abin da ba a cika tsayawa a duba ba shi ne yawan ilimin da ke cikin 'yar kwalbar nan ta humra, da kuma cewa zaɓenta ma sai an koya.

Kaya uku ne ginshiƙin sana'ar. Akwai turaren wuta, wanda Kanuri ke kira ka'aji: itace ko saiwa da aka tsuma da turare aka dafa da sukari, ana ɗora shi a kan garwashi. Akwai humra, ruwan turare mai kauri da ake shafawa a fata. Sai kulacham, mai maiƙo, da ake murzawa a jiki. Macen da ta iya ba ta ɗaukar su a matsayin abubuwa uku daban-daban. A wurinta aiki ɗaya ne hawa-hawa: hayaƙi ya shiga zaren tufa da gashi, maiƙo ya riƙe fata, humra ta zauna a sama. Shi ya sa wadda ta sayi humra kaɗai ta shafa takan rasa dalilin da ba ta ƙamshi irin na wadda ta sayar mata.

Ba banza Maiduguri ta zama gidan wannan sana'a ba. Garin kansa ba tsoho ba ne, a 1907 ne Shehu Abubakar Garbai ya tare a Yerwa, wato Maidugurin yau, kusa da sansanin da Turawan Ingila suka kafa. Amma mutanen da suka cika shi sun zo da gadon Kukawa, wadda Shehu Muhammadu al-Amin al-Kanemi ya kafa a 1814, da na Birnin Gazargamu kafin ita. Waɗannan birane a bakin manyan hanyoyi biyu suke. Ɗaya ta yi arewa ta Bilma da Fezzan zuwa Tarabulus, kuma har yau akwai unguwa a Maiduguri mai suna Fezzan. Ɗayar ta yi gabas, ita ce hanyar alhazai ta ƙasa: Dikwa, Kusuri, Fort-Lamy da ake kira Njamena yanzu, Abeche, Darfur, Omdurman, har bakin Bahar Maliya. Mahajjaci kan yi shekaru a kan wannan hanya yana noma yana ƙwadago don guzuri, wasu ma can suka zauna suka hayayyafa. Waɗanda suka dawo, da Larabawan Shuwa masu dangi a tsawon hanyar, su suka sa yau mace a Omdurman da mace a Njamena da mace a unguwar Shehuri ta Maiduguri kowacce ta san abin da 'yar'uwarta ke nufi idan ta ce humra ko dilka ko dukhan. Barno kuma ta sa nata hannun, da kajijin da ke fitowa a fadamun yankin Tafkin Chadi, da jema, da irin nata awon.

Wanda yake son ganin inda gwaninta take, ya fara da farce. Wani ɗan murfi ne mai tauri da dodon koɗin teku ke rufe bakin gidansa da shi, ana kawo shi daga gaɓar Bahar Maliya da tekunan da ke maƙwabtaka da ita. Tsohon kayan ƙamshi ne ƙwarai. Ya zo a hadisin Ummu Aɗiyya da ke cikin Bukhari da Muslim, inda aka yi wa mai takaba rangwamen amfani da ɗan kaɗan daga cikinsa idan ta yi wankan tsarki. Ɗanyensa kuwa ba abin kai wa hanci ba ne. Ƙarnin teku yake yi, ga ragowar nama a manne a gefensa.

Sai an jiƙa shi, an bi shi ɗaya bayan ɗaya da wuƙa an kankare, an wanke, an sake jiƙawa, wasu da lemun tsami, wasu da nasu sirrin da ba sa faɗa, an shanya ya bushe ƙayau, sa'an nan a soya. A wurin suyar nan ake rabuwa. Idan bai soyu ba, ƙarnin zai bi humrar har cikin kwalba, kuma babu madarar turaren da za ta iya binne shi. Zai yi lamo na ɗan lokaci, sai bayan an sayar an tafi da ita ya taso. Idan kuma ya zarce, ya zama gawayi, ƙauri ne zai biyo. Tsakanin biyun ɗan taƙi ne, kuma ba agogo ake dubawa ba. Launi ake kallo, da yadda yake kumbura, da daidai lokacin da warin ya juya ya koma wani ƙamshi mai nauyi mai ɗan hayaƙi-hayaƙi. Mai yi tana tsaye a kan wuta cikin zafin Maiduguri, hancinta ne kaɗai ma'auninta. Matsayin farce a humra shi ne matsayin daddawa a miya: ba mai cin ta ita kaɗai, amma in babu ita kowa zai ji miyar ba ta zauna ba. Shi ke riƙe sauran ƙamshi ya hana shi tashi da wuri.

Daga nan sai daka. Soyayyen farce, garin sandal, mahalab, kanumfari, kowanne a daka shi ya yi laushi, a tankaɗe, a kwaɓa da madarar turare. Wasu gwanaye ba sa tsayawa nan. Sukan shafe cikin kwano da kwaɓin, su kife shi a kan kaskon da sandal ke ci, hayaƙi ya ratsa shi, su juya, su sake kifewa, har sai kwaɓin ya sha hayaƙi ya yi duhu. Wannan ce hanyar baƙar humra, mai nauyi, mai daɗewa, ta dare da ta amare. Farar humra kuwa a kan miski aka gina ta. Ta fi sauƙi a hanci, ta fi sanyi, ba ta ɓata farin kaya. Tsakaninsu akwai ta sandal zalla da wasu haɗe-haɗen da kowane gida ke taƙama da nasa.

Abin da zai ba wanda bai sani ba mamaki shi ne ruwan da ake zubawa a kan wannan kwaɓi. Cikin humrar da muke kira ta gargajiya akwai Faransa. Rêve d'Or, na kamfanin L.T. Piver da ke Paris, ya fito tun 1889, Pompeïa na wannan kamfani kuma a 1907. A can ƙasarsu an daɗe da ɗaukar su turarukan kakanni, amma a Sudan da Chadi da Barno sun sami sabuwar rayuwa a matsayin kayan haɗi. Ga kuma Bintu Sudan, wanda kamfanin W.J. Bush na London ya fito da shi a 1920, ba shi da sinadarin alkohol, kuma an daɗe ana yin sa a Kano. Matan nan ba su ɗauki turaren Turai a matsayin abin da aka gama ba. Sun ɗauke shi ɗanyen kaya, daidai da kanumfari da mahalab. Mai haɗawa ta san wanne ne ke ba da zaƙin fure, wanne ne ke buɗe ƙamshin sandal, wanne ne in ya yi yawa zai danne kowa. Ni a ganina wannan ƙarfin hali shi ne abu mafi burgewa a sana'ar: a karɓi abin da manyan masu haɗa turare na Paris suka ce sun kammala, a ce da saura, kuma a yi gaskiya.

Turaren wuta nasa aikin daban ne. Itatuwan da aka fi ji a bakin masu sana'ar su ne sandal, hawi, gabgab, halut da dorot, sai saiwoyi irin su kajiji da jema. A faskara itace ƙanana, a tsuma shi da turare, a narka sukari a tukunya har ya yi danƙo, a zuba itacen a yi ta juyawa har kowane tsinke ya samu, a sauke, sa'an nan a bi shi da madarar turare da garin kayan ƙamshi tun da sauran ɗumi. Sukarin nan ba don zaƙi ake sa shi ba. Shi ke manne turaren a jikin itace, ya rage wa wuta gaggawa, ya sa hayaƙin ya yi nauyin kama tufa. Amma shi ne kuma wurin ha'inci mafi sauƙi, domin sukari ya fi sandal arha nesa ba kusa ba, kuma yana ƙara nauyi a ma'auni. Lokacin zuba madarar ma sai an kiyaye. A zuba ta tukunya na kan wuta, rabin kuɗin ya bi iska. A jira ta huce gaba ɗaya, itacen ba zai sha ba.

Duk wannan, rabin aikin ke nan. Sauran rabin jira ne. Humrar da aka haɗa yau ba humra ba ce tukuna. Kowane abu a cikinta yana magana shi kaɗai: ga kaifin turaren ruwa, ga yajin kanumfari, ga farce can gefe. Sai an toshe kwalba, an ajiye ta inda rana ba ta kaiwa, ana girgizawa lokaci-lokaci, makonni su wuce, watanni su wuce, kaifin ya kwanta, sandal da farce su saki abin da ke cikinsu, har a kai inda ba za ka iya cewa ga wannan ga wancan ba. A nan ne ake cewa ta tsumu, ko ta nuna. Turaren wuta ma haka, a rufe shi ruf a bar itacen ya sha har cikin bargonsa.

A yankin Cognac na ƙasar Faransa, da Normandi inda ake yin Calvados da tuffa, doka ce ta hana barasarsu fita kasuwa da wannan suna sai ta yi aƙalla shekara 2 a cikin gangar katako. Wadda ake yi wa lambar XO a Cognac kuwa sai ta shekara 10. Kowane babban gida yana da mutum guda wanda aikinsa shi ne bin ganguna yana shinshinawa, ya ce wannan ta kai, wannan a ƙara mata lokaci, wannan a haɗa ta da waccan. Abin da suke yi ba namu ba ne, addini ya haramta mana shi. Na kawo shi ne don a ga yadda wata al'umma ta ɗauki hanci da jira a matsayin ilimi, ta rubuta masa doka, ta ba mai shi muƙami. Haka garin Grasse, cibiyar turaren Faransa, wanda hukumar UNESCO ta sa fasaharsa cikin gadon al'adun duniya a 2018. Mu ma ba baƙi ba ne a wannan ilimi. Tun ƙarni na 9 al-Kindi ya rubuta littafi a Bagadaza kan haɗa turare da tace shi, mai ɗauke da haɗi fiye da 100. Dattijuwar da ke unguwar Gwange ko Hausari a Maiduguri, wadda za ta buɗe kwalba ta ce a mayar a ƙara mata wata guda, irin wannan hukunci take yankewa, da irin wannan hanci. Ita dai ba a rubuta mata doka ba, ba a kuma ba ta muƙami ba.

To, mai saye fa? Za a samu kayan turare a Monday Market da kasuwar Gamboru da shagunan cikin gari, amma duk wanda ya san garin ya san cewa mafi kyawun humra sau da yawa ba ta zuwa kasuwa. A cikin gidaje take, ana samun ta ta bakin wata da ta san wata. Ko a ina ne dai, tambayar farko ba ta kuɗi ba ce. Bayan an gaisa, sai a ce, "Hajja, wannan ta yaushe ce?" Mai gaskiya za ta faɗa. Wata ma za ta janye kwalbar daga hannunki ta ce, "A'a 'yata, wannan ba ta nuna ba, ki bar ta sai bayan Sallah. Ga wadda ta kwana biyu." Wadda ta hana ki sayen abin da kika riga kika miƙa hannu a kai, ki riƙe ta da kyau.

Ba a shinshina humra a bakin kwalba a yanke hukunci. Abin da ke fara tasowa daga bakin kwalba shi ne mafi sauƙin tashi, wato turaren ruwan da aka zuba a ƙarshe. A girgiza kwalbar, domin baƙar humra ta ƙwarai tana da gari a ƙasa, wannan ba aibi ba ne. A ɗiga kaɗan a wuyan hannu, a bar shi. Kada a gwada fiye da kala uku ko huɗu a zama ɗaya, hanci yana gajiya, in ya gaji kuwa komai ɗaya yake ji. Sai a tashi a shiga kasuwa a yi sauran sayayya, a bar rana da gumi su yi aikinsu. Da farko za a ji fure da ɗan kaifi. Can kuma sai kanumfari da mahalab su fito. Abin da ya rage bayan awa ɗaya ko biyu, wato sandal da farce da miski, shi ne abin da ake biyan kuɗi dominsa. Idan a lokacin babu komai a hannun, ko abin da ya rage ƙarni ne ko warin tsohon mai, to an gama magana, komai daɗin da ta yi a farko.

Akwai kuma abin da ba laifin mai haɗawa ba ne. Fata ba ɗaya ba ce. Humra guda za ta yi sanyi a jikin ya, ta yi tsami a jikin ƙanwa, alhali ciki ɗaya suka fito. Saboda haka sayen humra don an ji ta a jikin wata kuskure ne da ake yawan yi, sayenta ta hoto a Instagram kuwa cinikin biri a sama ne, sai dai in an riga an san hannun mai ita. Yanayi ma yana da nasa hukuncin. A watan Afrilu zafin Maiduguri kan haura digiri 40, kuma baƙar humra mai nauyi da tsakar rana a irin wannan lokaci tana iya hawa kan mai ita da na kusa da ita. Lokacin farar humra ke nan. Idan hunturu ya shigo, iska ta bushe, fata ta bushe, ƙamshi mai sauƙi ba ya daɗewa, sai a koma ga baƙa, a sa kulacham a ƙarƙashinta. Wanda kuma yake da damuwa kan alkohol, tun da malamai sun yi saɓani a kan turaren da ke ɗauke da shi, ya tambaya kai tsaye. Akwai haɗin da madarar turare zalla ce.

Turaren wuta kuwa ba a saye sai an ɗora. Mai sayarwa ta ƙwarai kaskonta na kusa, ba za ta ji haushin an ce ta gwada ba. Kafin nan a ɗauki tsinke ɗaya a karya. Idan bayansa ya yi baƙi yana sheƙi amma cikinsa fari fat a bushe, to wanka aka yi masa, bai tsumu ba. Sandal na gaske ko ba a sa masa komai ba, in aka kankare shi da farcen hannu zai yi ƙamshi, kuma yana da nauyi a hannu. Tsadarsa tana da dalili: bishiyar, wadda aka fi sanin ta yankin Mysore a Indiya, takan yi shekara 15 ko fiye kafin zuciyarta ta tara man da ake nema. Wanda ya ba ka sandal a farashin itacen girki, ba sandal ya ba ka ba. Idan an ɗora, a lura da hayaƙin. Na kirki ba ya yaji a ido, ba ya ƙaiƙayi a maƙogwaro, ba ya warin ƙonannen sukari. A fita waje a sha iska a dawo, domin mai shigowa ne ke jin gaskiyar ɗaki, ba wanda ke zaune a ciki ba. Gwaji mafi tsauri kuma sai washegari, a shinshina labule ko mayafin da ya sha hayaƙin. Abin da masu sana'ar ke nufi ke nan idan suka ce turare yana kama ɗaki, yana kama kaya.

Sau da yawa an sayi turare mai kyau an lalata shi a gida, sa'an nan a zargi mai sayarwa. Laifin garwashi ne. Gawayin da bai gama kamawa ba yana da nasa warin, wanda ke ci bal-bal kuma ƙone turaren zai yi nan take. Ana jira ya yi ja, toka ta fara rufe shi, wasu ma su barbaɗa toka kaɗan a kai, sa'an nan a ɗora ɗan kaɗan. Ɗumi ake so ya fitar da man da ke cikin itacen a hankali. Da ya fara baƙi yana canza wari, a cire shi, kada a bari ƙaurin ƙarshe ya goge ƙamshin farko. Tufa takan fi kama hayaƙi in da ɗan danshi-danshi a jikinta, shi ya sa ake kife kwando a kan kasko a shimfiɗa laffaya a kai kafin ta gama bushewa, haka gashi bayan an wanke. Ba harkar mata kaɗai ba ce. Babbar riga da hular Zanna ta ranar Juma'a ma suna bi ta kan kaskon nan, baƙo kuma idan ya sauka a gidan mutumin Barno, da wuya ya gama gaisawa ba a ɗora turare ba.

Wajibi ne a faɗi wani abu a nan, domin ƙauna ba ta hana gaskiya. Hayaƙi hayaƙi ne, ko na sandal ne. Garwashi a rufaffen ɗaki yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari, tana kuma kisa. A turara ɗaki, a fitar da kasko, a buɗe taga. A nisanta shi da jariri da mai asma. Sabuwar humra kuma a gwada ta a ɗan wuri a fata a kwana, kafin a shafe jiki da ita, musamman amarya da ake yi wa gyaran jiki ana saura kwanaki kaɗan biki.

Sana'ar nan ta ga shekaru masu wuya. Tun 2009 rikicin Boko Haram ya dagula Barno, ya toshe hanyoyin Gamboru Ngala da Baga na tsawon lokaci, ya cika Maiduguri da waɗanda aka raba da garuruwansu. Cikin matan da suka rasa mazaje da gonaki, da dama ɗinkin hula da haɗa turare ne suka riƙe su, domin sana'a ce da ake iya yi a tsakar gida da tukunya ɗaya da turmi. A ranar 26 ga Fabrairu, 2023, gobara ta cinye Monday Market. A ranar 10 ga Satumba, 2024, madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye babban ɓangare na garin. Wanda ya san sana'ar zai gane cewa asarar mai turare a irin wannan rana ta wuce ta kaya. Atamfa in ta ƙone, da kuɗi za a sayo wata gobe. Kwalbar da ta shekara tana tsumuwa kuwa, ko an sami kuɗin, sai an sake jiran shekarar. Ga faɗuwar darajar naira, alhali sandal da farce da madarar turare duk daga waje ake shigo da su. Wannan matsi ne ke tura wasu ga rini da sukari da sirki, kuma shi ya sa nake ganin girman waɗanda suka gwammace su rage yawan abin da suke yi ko su faɗi farashi mai ɗaci da su rage farce.

Yanzu an buɗe azuzuwan koyon haɗa turare na 'yan kwanaki, wasu a zahiri wasu ta WhatsApp, kuma ba na raina su. Sun ba mata da yawa abin yi, sun kai sana'ar Sakkwato da Legas da Yamai. Sai dai abin da ake iya rubutawa a takarda awo ne: tola kaza na wannan, cokali kaza na wancan. Farcen bana ba shi ne na bara ba, sandal ɗin wannan buhu ba shi ne na wancan ba, kuma takarda ba ta san haka ba. Wadda ta tashi tana yi wa kakarta daka tun tana yarinya, tana jin ana cewa sauke, ya yi, ita ce ke iya gyara awo idan kaya suka canza. Irin waɗannan dattijai suna raguwa, kuma da yawansu ba sa buɗe sirrinsu sai ga 'ya ko jika. Da Jami'ar Maiduguri ko wata cibiya za ta zauna da su, da yardarsu kuma da sunansu a kai, ta tattara yadda kowane gida ke yi, da an yi aikin da ya cancanta.

Mai shirin aurar da 'ya kuwa, kada ta bari sai an sa rana saura mako biyu ta aika Maiduguri a haɗo mata. Abin da za a ba ta a irin wannan gaggawa ɗanye ne, ko kuma ragowar na wata. Ta je da wuri, watanni kafin biki, da ita amaryar in da hali, a gwada a fatarta, a zaɓa, a biya, a rubuta suna a jikin kwalba, a bar ta a ɗakin Hajja har lokacin ya zo. Idan an kawo gida, a ajiye a kwalbar gilashi mai murfi ƙam, nesa da rana da zafin kicin, a riƙa ɗiba a ƙaramar kwalba don kada a yi ta buɗe babbar.